Tambaya da Amsa: Me Robin ya yi har Turawa suka adana shi a bakin kogin Tems?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Landan. Kwanakin baya na fita shan iska bakin kogin Tems, wajen da ake kira Trinity Buoy Wharf, sai na ga wani tsohon jirgin ruwa baƙi mai dogon bututun hayaƙi an ɗora shi kan wani dandamalin ƙarfe, ko ruwa ba ya taɓawa. An rubuta Robin a jikinsa. Ƙarami ne, bai kama ƙafar jiragen da na saba gani a Apapa ba, kuma ba jirgin yaƙi ba ne, ba na sarki ba. Me ya yi har ake kashe kuɗi a kansa? Yaya injinsa yake aiki? Sannan shin irinsa ne suka shigo kogin Kwara zamanin zuwan Turawa ƙasarmu? Allah ya ƙara basira.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka yi dace, domin jirgin da ka tsaya a gabansa shi ne mafi tsufa a duniya cikin jiragen dakon gaɓar teku masu aiki da tururi da suka rage da cikakken jikinsu da injinsu na asali. Ka kuma faɗi gaskiya, bai taɓa harba harsashi ba, bai taɓa ɗaukar basarake ba. Aikinsa dako. Shekara 84 ya yi yana ɗaukar kwal da hatsi da ƙarfe da duwatsu daga wannan tasha zuwa waccan. Irinsa ɗaruruwa ne suka yi wannan aiki a gaɓar Birtaniya, kuma saboda yawansu babu wanda ya ɗauke su a bakin komai. Da zarar ɗaya ya tsufa sai a miƙa shi ga 'yan gwangwan su yanka, a narka ƙarfen. Da haka aka wayi gari sun ƙare. Jiragen yaƙi da na sarakuna suna da masu tuna su, amma jirgin talaka da ya ciyar da birane, ya kai wa masana'antu makamashi, saura ƙiris a rasa ko guda ɗaya da za a nuna wa na baya.

An ƙera Robin a 1890, a wani filin ƙirar jirage da ake kira Orchard House Yard a bakin Bow Creek, inda ƙaramin kogin Lea ke zubawa cikin Tems. Wurin da ka gan shi yanzu yana dab da wannan fili. Kamfanin Mackenzie, MacAlpine ne ya ƙera shi tare da ɗan'uwansa Rook, ƙira ɗaya, girma ɗaya. Dukansu sunayen tsuntsaye ne: robin wani ɗan tsuntsu ne mai jan ƙirji, rook kuwa dangin hankaka. An tura Robin ruwa ranar 16 ga Satumba na wannan shekara ba tare da inji ba, sannan aka ja shi har garin Dundee na Sikotilan, inda kamfanin Gourlay Brothers ya saka masa inji da tukunyar tururi. Tsawonsa ƙafa 143, kimanin mita 44 ke nan, faɗinsa ƙafa 23. Yana ɗaukar kaya wajen tan 450, gudunsa kuma bai wuce kilomita 17 a awa ɗaya ba. Ma'aikatansa mutum goma sha biyu.

Ka tsaya kan wannan lissafi kaɗan. Tirelar da ke ɗaukar tan 30, sai an jera guda goma sha biyar kafin su kwashe lodin Robin guda. A 1890 babu tirela, sai keken doki da jirgin ƙasa, jirgin ƙasa kuwa kuɗinsa ya fi na ruwa tsada idan kayan masu nauyi ne marasa daraja kamar kwal ko dutse. Birtaniya tsibiri ce, manyan garuruwanta da yawa suna bakin teku ko bakin kogi, don haka teku ita ce babbar hanyar mota ta wancan zamani. Tun 1852 da wani jirgi mai suna John Bowes ya fara jigilar kwal daga yankin Newcastle zuwa Landan da ƙarfin tururi, masu kaya suka gane bambanci. Jirgin da iska ke turawa yakan kwashe kwanaki a tasha yana jiran iska ta juyo, mai tururi kuwa ya ce maka Talata zai iso, galibi Talatar za ka gan shi. Wannan cika alkawari shi ne abin da 'yan kasuwa suka saya.

Ƙanƙantarsa da ta ba ka mamaki da gangan aka yi ta. A gaɓar Birtaniya da arewacin Faransa teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma a ƙananan tashoshi da yawa idan ta janye sai ka ga taɓo fili inda ɗazu ruwa ne. Babban jirgi ba ya shiga irin wannan wuri. Ƙaramin jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi kuwa yakan shiga lokacin cikar ruwa, ya zauna daram a kan taɓo idan ruwan ya tafi, 'yan dako su sauke kaya, ruwa ya dawo ya ɗaga shi ya kama hanya. Kamar dai yadda tirela ke tsayawa a babban titi, a-kori-kura ta shiga lungu da ƙauye.

Yanzu batun inji, wanda shi ne ya fi jan hankalina a jirgin nan. A can baya, ƙarƙashin bututun hayaƙin da ka gani, akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da ruwa, da murhu a cikinta. Masu hura wuta suna tsaye da shebur suna watsa kwal cikin murhun dare da rana. Zafin wutar yana bi ta wasu bututu da suka ratsa cikin ruwan, ruwa ya tafasa, tururi ya taru a sama ba shi da mafita, har ƙarfinsa ya kai ya tura ƙarfe. Daga nan ake buɗe masa hanya zuwa injin. Injin Robin silinda uku ne a jere, ƙarama, matsakaiciya, babba. Tururin yana fara shiga ƙaramar da dukan ƙarfinsa ya tura fistin. Maimakon a sake shi ya bi iska, sai a tura shi cikin ta biyu. A lokacin ƙarfinsa ya ragu amma ya buɗe, ya ƙara yawa, shi ya sa ta biyun ta fi faɗi. Daga nan ya wuce ta uku, wadda ta fi su duka faɗi, ya ba da ɗan abin da ya rage masa. Ka taɓa ganin mai koko tana tace ƙullu? Ta tace, ta ƙara ruwa ta sake tacewa, ta kuma sakewa, sai ta tabbata babu sauran gasara a dusar sannan ta zubar. Haka injin nan yake yi wa tururi. Fistin ukun suna juya sandar ƙarfe guda, sandar ta fita ta bayan jirgi ta juya farfela.

Bayan silinda ta uku ma ba a zubar da tururin. Ana shigar da shi wani akwati mai ɗaruruwan siraran bututu da ruwan teku mai sanyi ke gudana a ciki, ya huce ya koma ruwa, famfo ya mayar da shi tukunya. Dalili shi ne ruwan teku gishiri ne, idan aka dafa shi a tukunya gishirin yakan kama jikin ƙarfe ya daskare, ya hana zafi ratsawa, har ya kai ga lalata tukunyar. Don haka ruwan daɗi ɗaya ne ke ta zagayawa. Jirgin ba shi da giya irin ta mota. Idan kyaftin yana so a ja da baya sai ya murɗa wani hannu a sama, ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin inji, injiniya ya juya hanyar shigar tururi, injin gaba ɗaya ya koma juyawa ta ɗaya ɓangaren.

Wannan salo na amfani da tururi sau uku sabon abu ne a lokacin. Jirgin da ya tabbatar wa duniya amfaninsa shi ne Aberdeen na 1881, shekara tara kacal kafin Robin. Ribar ita ce kwal kaɗan ya kai ka nesa, kuma duk tan ɗaya na kwal da jirgi bai ɗauka don cikinsa ba, wurin tan ɗaya ne na kayan da za a biya kuɗinsu. Ko Titanic na 1912, da duk girmansa, biyu daga cikin injinansa wannan dabarar suke bi. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga labarinmu shi ne irin wannan inji ba ya saurin mutuwa. A hankali yake juyawa, har ido yana bin motsinsa. Komai nasa a fili yake, injiniya yana zagayawa da butar mai yana taɓa ƙarfe da bayan hannu don ya ji ko wani wuri ya ɗau zafi. In wani abu ya ci, maƙerin kowace tasha zai iya ƙera madadinsa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kada mu yi maganar ƙarfe mu manta da mutane. Rayuwa a jiragen gaɓa wahala ce tsantsa. Mai tuƙi yana tsaye a fili, ba rufi, ruwan sama da ƙanƙara da feshin teku duk a kansa suke ƙarewa. Ƙananan ma'aikata suna kwana a wani ƙuntataccen ɗaki a goshin jirgi, inda duka igiyar ruwa ke fara dukansa, kan katifar ciyawa da kowa ke zuwa da tasa. A irin waɗannan jirage albashin mako ake biya, kuma kowa shi ke sayen abincinsa ya dafa. Masu hura wuta suna cikin zafi da ƙurar kwal, jirgi yana tangaɗi, su kuma dole shebur ya sami bakin murhu. Jirgin da ke ƙetare babbar teku yakan yi makonni a sarari ba abin da zai yi karo da shi. Na gaɓa kullum yana kusa da duwatsu da tudun yashi da hazo da sauran jirage, ga shi yau a shiga tasha, gobe a fita, barci sai na sata. Ba na jin an taɓa biyan mutanen nan daidai da guminsu.

Robin ya fara aiki ranar 20 ga Disamba 1890, daga Liverpool zuwa Bayonne a kudu maso yammacin Faransa, ƙarƙashin mai shi na farko Arthur Ponsonby na garin Newport. Wannan tafiya ma ta wuce iyakar da doka ta yanka wa jiragen gaɓa, wadda ta tashi daga bakin kogin Elbe a Jamus zuwa Brest a Faransa. Bayanta sai ya shiga zirga-zirgar da aka yi shi dominta: Swansea, Rouen, Plymouth, Guernsey, Landan, Rochester, Cherbourg, duk cikin 'yan watanni. Ya ɗauki hatsi, tama, tsofaffin ƙarafa, ƙarfen layin dogo, itacen tokare ramin haƙar kwal, farar ƙasar yin tangaran, gangunan kifi, da duwatsun gini. A 1892 aka sayar da shi ga wani mai jirage a Glasgow. Shekara goma ya yi a hannun Ingilishi da mutanen Sikotilan, shi ke nan.

A 1900 aka sayar da shi Sifaniya, aka canja masa suna zuwa Maria. Masu jirage a Birtaniya al'adarsu ce jirgi ya ɗan kwana biyu su sayar su sayi sabo mafi girma, masu ƙaramin ƙarfi a wasu ƙasashe su saya, kamar yadda mu ma muke sayen mota 'yar Kwatano. Arewacin Sifaniya a lokacin yana bunƙasa: tama a Bilbao wadda ake kaiwa masana'antun Wales da Ingila, kwal a yankin Asturias, ga ƙananan tashoshi jere a gaɓar da duwatsu suka tokare ta baya, hanyar ƙasa da wuya. Wurin ya dace da shi kamar don shi aka yi. Kamfanin Blanco Hermanos na Ribadesella ne ya fara riƙe shi har 1913, sannan Hijos de Ángel Pérez na Santander, waɗanda ya zauna a hannunsu shekara 52, har 1965. Daga nan ya koma hannun wani mai jirage a Bilbao. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk da Sifaniya ba ta shiga yaƙin ba, ya yi jigilar ƙarfe zuwa Bayonne da Bordeaux don gwamnatin Faransa, jiragen yaƙi suna yi masa rakiya saboda jiragen Jamus na ƙarƙashin teku. A yaƙin basasar Sifaniya, garuruwan da yake zirga-zirga tsakaninsu sun faɗi ɗaya bayan ɗaya a 1937, Bilbao a watan Yuni, Santander a Agusta, Gijón a Oktoba. Jirgin ya fita daga wannan duka da ransa.

A nan ne ainihin amsar tambayarka take. Me ya sa shi ya rayu, 'yan'uwansa suka mutu? A Birtaniya, tun tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ƙananan jirage masu injin dizal, musamman na mutanen Holan, suka fara ƙwace kasuwa. Ba sa buƙatar mai hura wuta, ba sa buƙatar ƙatuwar tukunya, ma'aikata kaɗan sun isa. Bayan Yaƙi na Biyu manyan motoci suka ƙwace ragowar, sannan kwantena ta zo. Mai jirgin tururi a Ingila bai da zaɓi, ya sayar wa 'yan gwangwan ko ya karye. Sifaniya kuwa bayan yaƙin basasa ta shiga shekaru na talauci da kaɗaici ƙarƙashin Janar Franco, kuɗin waje babu, sabon jirgi sai mai hali, amma kwal na gida akwai, hannun ma'aikaci kuma da araha. A irin wannan hali jirgin da ke cin kwal, wanda maƙerin gari ke iya gyarawa, dukiya ne. Masu shi ba su da kuɗin da za su sake masa fasali, don haka suka bar shi yadda yake, suna faci suna shafa fenti suna lodi. Duk wanda ya san yadda tsohuwar roka mai bodin katako ke shekara arba'in a hanyar kasuwannin ƙauye, alhali a ƙasar da aka ƙera ta an manta da irinta, ya san wannan labari. Rashin kuɗi ne ya adana Robin, tare da kulawar injiniyoyin Sifaniya da ba wanda ya rubuta sunayensu a allo. Ina ganin duk lokacin da Ingilishi suka yi alfahari da jirgin nan, ya kamata a ambaci waɗannan mutane, domin shekara 74 cikin 84 na aikinsa a hannunsu ya yi.

Sai a 1966 aka yi masa babban gyara na farko da ya taɓa kamanninsa. Aka mayar da murhunsa daga kwal zuwa baƙin mai, aka cire dogon turken da ke tsaye a bayan jirgin, aka rage tsawon bututun hayaƙi. Injin dai ba a taɓa shi ba. A 1974 ya sauke lodinsa na ƙarshe a Bilbao, an riga an yi niyyar yanka shi, sai wata ƙungiyar adana tsofaffin jirage ta Birtaniya mai suna Maritime Trust ta saye shi. A watan Yuni na wannan shekara ya ƙetare mashigin Biscay, wanda matuƙa ke tsoro saboda haukan igiyarsa, ya koma Ingila da ƙarfin injinsa na 1890, ba wanda ya ja shi. An gyara shi a Rochester, aka mayar masa da kamanninsa na farko da sunansa, aka ajiye shi a tashar St Katharine Docks kusa da gadar Tower a Landan don masu kallo.

Zaman hutu ya fi yi masa illa fiye da aiki. Jirgin da ke aiki yana kawo kuɗin fentinsa, kullum akwai mai goge shi, mai jin ƙarar da ba a saba ji ba. Jirgin da ke ɗaure a tasha kuwa tsatsa ce kawai ke aiki a jikinsa. Ƙungiyar ta shiga matsin kuɗi, a 1991 aka mayar da shi West India Quay, wata tasha a gabashin Landan, ya yi ta lalacewa a gindin dogayen benayen Canary Wharf, har ta kai an sayar da shi fam ɗaya ga masu niyyar ceto shi. A 2002 aka kafa masa kwamitin amintattu na kansa, aka mai da rumbun kayansa wurin baje kolin hotuna da ajin koyar da yaran makarantun unguwar. Sannan aikin sabon layin dogo na Crossrail ya zo yana buƙatar wurin, a 2008 aka ja shi zuwa Lowestoft a gabashin Ingila don a duba lafiyarsa.

Abin da binciken ya nuna shi ya kai mu ga dandamalin da ka gani. Ƙarfen jikinsa ya sirance ƙwarai, in ana so ya ci gaba da zama a ruwa lafiya sai an yanke wajen kashi 40 cikin ɗari an sa sabo. Masana suka rabu biyu, kuma har yau ana wannan muhawara kan tsofaffin jirage. Wasu suna cewa jirgi na ruwa ne, in ka fitar da shi ka kashe shi. Suna misali da Waverley, jirgin fasinja mai tururi na Sikotilan, wanda har yanzu yake ɗaukar mutane yawon gaɓa, ko da yake an sake masa tukwane da sassa da dama. Wasu kuma suna cewa darajar Robin tana cikin ainihin ƙarfen da maƙeran Bow Creek suka lanƙwasa da hannunsu, in ka canja kusan rabinsa ka sami jirgi mai kama da Robin, kama da wane kuwa ba ta wane. Ra'ayi na biyu ya yi rinjaye. Aka ƙera dandamali mai yawo a kan ruwa a garin Szczecin na ƙasar Folan, a watan Yunin 2010 manyan ƙugiyoyi biyu suka ɗaga jirgin ɗungurungum suka ɗora shi a kai. A 2011 ya koma gabashin Landan, ya zauna a Royal Docks, sannan a Disambar 2023 aka kawo shi inda ka same shi.

Ni ina tare da waɗanda suka fitar da shi, ko da yake raina yana sosuwa idan na tuna injin da ya ƙetare Biscay yana da shekara 84 ba zai sake juya farfela ba. Hujjata ita ce jiragen tururi masu tafiya akwai sauransu, wanda ke son jin ƙamshin mai da tururi zai samu. Amma jikin jirgin dako na 1890 da bai sha walda ta cinye shi ba, guda ɗaya ne. Abin da guda ɗaya ne ba a caca da shi. Haka aka yi wa jirgin Great Britain na 1843 a Bristol, yana zaune a busasshen rami ana busa masa iska marar laima don tsatsa ta tsaya, haka kuma jirgin Cutty Sark a Greenwich, wanda aka ɗaga sama bayan gobarar 2007.

Tambayarka ta ƙarshe. Robin bai taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba, kuma jiragen da suka shiga Kwara ƙirarsu dabam ce. Na farkonsu sun riga shi da shekara 58. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander suka taso daga Ingila da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah. Na farkon sunan kogin ne, Kwara, na biyun kuwa kalmarmu ce, albarka, yadda kunnen Bature ya ji ta. Alburkah na ƙarfe ne, tsawonsa ƙafa 70, rabin Robin ke nan, kuma maimakon farfela yana da manyan ƙafafu biyu masu filafilai a gefe da gefe. Ya kai har Rabba a ƙasar Nupe a 1833. Cikin Turawa 48 da suka yi tafiyar, tara kawai suka tsira, yawancinsu zazzaɓi ya kashe su. Jiragen da suka biyo baya, na kamfanin Royal Niger da magadansa, masu tasowa daga Burutu zuwa Lakwaja da Baro, da damina kuma su bi Binuwai har Yola da Garwa, an yi su da gindi marar zurfi ƙwarai saboda yashi, da yawansu ƙafar tuƙinsu a baya take. Jirgi irin Robin da cikakken lodi zai kafe tun bai yi nisa ba.

Inda za ka sami 'yan'uwansa na gaskiya a tarihinmu shi ne gaɓar teku. Kafin 1914 manyan jiragen Turai ba sa iya shiga tashar Legas saboda tudun yashi da ya tare bakin mashigin. Kaya masu yawa a Forcados ta yankin Neja Delta ake sauke su, inda ruwa ke da zurfi, sannan ƙananan jiragen tururi na kamfanoni irin su Elder Dempster su kwasa su bi gaɓa su kai Legas, su kuma ɗebo na fita. Sai da aka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigin aka yashe shi sannan manyan suka fara shiga. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara gangarowa kudu ba da jimawa ba, don haka buhunan farko na manoman Kano sun tarar da wannan tsari na ƙananan jirage yana aiki.

In ka sake komawa wurin, kada ka tsaya kallon bututun hayaƙi kawai. Tunda an fitar da shi daga ruwa, kana da damar da ma'aikatansa kansu ba su cika samu ba, ta ganin gindinsa daga ƙasa. Dubi layukan ƙusoshin da suka haɗa fallayen ƙarfen. A 1890 ba a walda jirgi. Kowace ƙusa sai da wani yaro ya gasa ta a wuta ta yi ja, aka zura ta a rami, wani ya tokare ta daga ciki, maƙera biyu suka yi ta dukanta da guduma daga waje kafin ta huce, in ta huce ta tsuke ta matse fallayen biyu har ruwa ba ya ratsawa. Dubi yadda gindin yake a shimfiɗe don zama kan taɓo, da wuraren da ƙarfen ya lotsa saboda gogar bangon tasha. Sannan ka zagaya baya ka ga farfela da abin juya akalar jirgin, ka kwatanta girmansu da tan 450 da suke turawa.